Kuɓewa a Ɗakin Bature

A shekarar da gwamnati ta naɗe tabarmarta daga Legas ta dawo Abuja, aka kwaso Malam Abdulhakim da teburinsa da tarin takardunsa aka sauke a Garki. Mataimakin darakta ne a ma'aikatarsu, mutum mai son a san ya waye. Gidan da aka ba shi, wani kamfanin Turawa ne ya gina wa injiniyansa shekara goma da suka wuce, lokacin garin duk daji ne da katafila. Baturen nan, Allah kaɗai ya san abin da ya sha ranar, ya manna wa gidan wani ɗaki ta yamma, bango gilashi, rufi gilashi. Wai ɗakin shan rana. A Abuja fa! Garin da rana ke bin mutum har ƙarƙashin gado.

In azahar ta yi ka shiga ɗakin nan, kafin ka gama salati rigarka ta jiƙe. Rumasa'u, matar Abdulhakim, ta taɓa manta kyandir a ciki, ta dawo ta tarar ya kwanta. Tun daga ranar aka garƙame shi da kwaɗo, ake kiransa gidan burodi.

Amma ba ɗakin ne ke hana Abdulhakim sukuni ba, mahaifiyarsa ce. Inna Iyatu tun rasuwar mahaifinsa take zaune ita kaɗai a ƙauyensu can bayan Malumfashi, ga hawan jini, ga taurin kai. Bara ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, sai maƙwabta ne suka tsince ta. Shekara goma sha biyu yana roƙonta ta zo Legas, ta ce ita ba kifi ba ce. Da aka dawo Abuja ya tura kawunsa da limamin garinsu suka yi ta lallashi, da ƙyar ta yarda ta zo ta ga wuri, kwana arba'in, ba ƙari. Ta iso da akwatin ƙarfe ɗaure da igiya, ta ajiye shi bayan ƙofa, ta ƙi kwance igiyar. Kullum ya wuce ya ga akwatin nan sai gabansa ya faɗi, don ya san in ta koma, wata rana saƙo kawai za a kawo masa.

Ga shi kuma ba dama su zauna su yi magana. Shi ne ɗan fari. Shekararsa arba'in da huɗu a duniya, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban idonsa ta ce masa ci kanka ba. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da magana, ko da yana zaune kusa da ƙafarta, sai ta juya wajen Rumasa'u ta ce, "Ki ce da mutumin nan takalminsa ya tare hanya."

Ana cikin haka damina ta sauka, irin ta Abuja wadda ba ta san a yi haƙuri ba. Sai ga Helen, wata manomiya daga Gudu, tana bin gidajen ma'aikata da ƙwarya a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, cike da kuɓewa da tattasai. Inna ta taya, suka yi ciniki har suka kusa zagin juna, daga nan suka ƙulla ƙawance. Helen ta yi mata kukan cewa rabin kuɓewarta ruɓewa take yi, don ka shanya da safe, kafin la'asar ruwa ya lakaɗa mata duka. Inna ta dubi gidan burodi, ta ce da Rumasa'u, "Ina makullin ɗakin can?"

Kwana uku kuɓewar ta bushe ƙarau. Ba akuya, ba kaji, ba ƙuda, ruwa kuwa sai dai ya daki gilashi ya gangara. Inna ta ce lallai Baturen nan ɗan gidan mutunci ne, ya san darajar miya. Kafin wata ya ƙare ɗakin ya cika da tabarmi: kuɓewa, barkono, tumatir yankakke, ganyen rama. Helen ta kawo ƙawayenta biyu, Inna ta zama shugaba, tana ba da umarni da wuƙa a hannu tun bayan sallar asuba. Kwana arba'in suka wuce ba wanda ya tayar da zancen. Wata safiya Rumasa'u ta leƙa ta ga igiyar akwatin nan an ɗaura ta daga kusurwa zuwa kusurwa, an jera mata tattasai.

Shi kuwa Abdulhakim duk bai ga wannan ba, don yana ofis. Abin da yake gani kawai, ƙarfe biyar in ya dawo, tsohuwa na fitowa daga gidan burodi sharkaf da gumi tana atishawar barkono. Ranar da abokin aikinsa Mista Justice ya rako shi gida ya ga haka, ya riƙe baki ya ce, "Haba oga, Mama kake gasawa?" Maganar nan ta soki Abdulhakim har ƙashi. Ya ji kunya, ya kuma ji tsoro, don likita ya ce a kiyaye ta da zafi.

Ya ce da Rumasa'u zai gyara ɗakin, ya zama wurin da Inna za ta miƙe ƙafa rani da damina ba gumi.

"Ka bar mata ɗakinta yadda yake," in ji Rumasa'u.

"Don ba a da wurin kirki ne take shiga can. Ke me kika sani a harkar gini?"

"To ka tambaye ta mana."

"Ni? In tambayi Inna?" Ya dube ta kamar ta ce ya je ya ciji tsohuwar.

Allah ya kawo masa dama: ƙanwar Rumasa'u ta haihu a Kaduna, aka tafi suna da Inna, za su yi mako guda. Motarsu ba ta kai Zuba ba ya ɗauko Manniru kafinta da Nathan mai haɗa esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Manniru na shiga ɗakin ya shaƙi iska, ya dubi tabarmi, ya ce, "Oga, nan ai ba wurin zama ba ne, wurin sana'a ne. Mai wurin ta sani?"

"Aikinka na ɗauko ka ka yi, ba wa'azi ba."

Manniru ya ce to. Aka tattara shanya aka cusa a buhuna aka jefa sito. Aka hau sama aka rufe gilashin da kwano, ta ciki aka buga silin aka cusa masa soso don kada zafi ya ratso. Bangon yamma aka liƙe shi da baƙar takarda, aka rataya labule mai kauri har ƙasa. Aka fasa tagogi biyu masu kallon juna don iska ta riƙa wucewa ko wuta ta ɗauke, aka ɗaura fanka, Nathan ya dasa esi, aka shimfiɗa kafet, aka kawo kujera mai laushi. Gaskiya aikin ya yi kyau. Abdulhakim ya zauna a ciki da tsakar rana har ya ja hula ya rufe kunne, yana jin kansa ɗan albarka.

Da suka dawo, ya yi gaba ya buɗe ƙofa ya koma gefe yana murmushi. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta dubi inda igiyarta take a da. Sannan ta ce da Rumasa'u, "Ki ce da mutumin nan an gode. Allah ya yi albarka." Ta shiga ta zauna a bakin kujerar, ta ja mayafi ta ƙudundune.

Haka ta yi ta zama. Ta yi asuba ta zauna, ta yi azahar ta zauna. Ta gwada shanya a tsakar gida, ruwa ya zo ya mayar da ita kunu. Ta rage cin abinci, ta daina faɗa da kowa, kuma duk wanda ya san Inna ya san in ta daina faɗa to ba lafiya. Ranar Alhamis Abdulhakim ya dawo ya ga akwatin ƙarfe bayan ƙofa, an ɗaure shi tamau da igiyar nan, har da ɗan guntun tattasai maƙale a jiki. Rumasa'u ta ce, "Ta ce in gaya maka a nema mata mota ranar Asabar." Ba ta ƙara da ai na faɗa maka ba, amma fuskarta ta faɗa sau uku.

Washegari zai fita ofis ya yi kiciɓis da Helen a bakin get, da ƙwaryarta a kafaɗa. Ba ta ko gaishe shi ba.

"Oga, kai ne ka kashe mana wuri? Mama ya koya mana aiki, kullum yana dariya, yana zagin mu, muna jin daɗi. Yanzu ka sa shi cikin firij kamar kifi. Wa ya ce maka yana son hutu? Tsoho in ba shi da aiki, mutuwa yake jira!"

Mataimakin darakta guda, da direba na jiransa, ya tsaya mai tallar kuɓewa tana wanke shi tas. A ofis ranar ko takarda ɗaya bai karanta ba. Abin da ya fi ci masa rai, kowa ya san shanyar nan ce ke riƙe da Inna, matarsa ta sani, kafinta ya sani daga shaƙar iska ɗaya, shi ɗan da ta haifa ne kaɗai bai sani ba.

Asabar da sassafe Inna ta fito da mayafinta da carbinta, ta shirya tsaf, sai ta ji ƙarar guduma a sama. Manniru ne a kan rufi yana ɓamɓare kwano, gefensa kuma Abdulhakim, da singileti da tumbinsa, ya rungume ƙarfe gam, don tunda yake bai taɓa hawa abin da ya fi kujerar ofis tsawo ba. Sun riga sun yaye rabin rufin ta yamma, kwano da silin duka, rana ta fara zubowa kan kafet. Ɗaya rabin Manniru ya ce a bar shi da silin ɗinsa, a raba tsakani da katako, ya zama can shanya, nan inuwar masu yanka.

"Oga, esin fa?" in ji Manniru.

"Cire! Esi da fanka da labule, duk a cire, kada a bar komai!"

Inna ta tsaya a tsakar gida, ta kare ido da tafin hannu tana kallon sama. Rumasa'u ta matso kusa da ita, tana jiran a ba ta saƙo ta miƙa kamar kullum. Inna ba ta ko waiwaye ta ba.

"Kai," ta ce.

Guduma ta tsaya. Abdulhakim ya duba bayansa ya ga ko da wani take, ba kowa sai sararin sama. Shi take kallo, ido cikin ido.

"Kai nake wa magana. Ka bar mini fankar. Kuma ka sauko haka nan kafin ka fasa mini gilashi."

Ya juya ya kama tsani. Sai da Manniru ya riƙe masa ƙafa yana saita ta a kan tsani, don idonsa ya cika ba ya ganin matakala. Kafin ya taka ƙasa Inna ta shiga ciki ta fito, ta miƙa masa igiyar akwatin a hannu, ta nuna masa ƙusar da zai ɗaura ta.