Shafin Gayauna Bai Fito Ba

Ku yi haƙuri da ni tun daga farko. Ban taɓa rubuta labari ba, kuma ban tabbata irina ya kamata ta rubuta ba. Karatu na iya, shi ma na zaune a lungu. Ko gaisuwa idan mutane sun wuce uku sai muryata ta maƙale. Amma wannan abu ya faru da ni, babu wanda na faɗa wa, kuma ya ƙi barin ƙirjina. In kun ga na yi tuntuɓe, ku tsallake ku wuce.

Sunana Afra'u. A Gaya muke. Ina karatun kwamfuta, kuma bara makaranta ta tura mu koyon aiki na wata shida. Ƙawayena duk suka nemi ofisoshi a Kano. Ni Baba ya ce ba zan kwana a waje ba, don haka aka sama mini wuri a wata ƙungiyar manoman gyaɗa a Ajingi. Kullum da safe in hau bas, da la'asar in dawo. Ofishin ɗaki ɗaya ne da baranda. Akwai tebur biyu, kwamfuta ɗaya da ke shan wutar sola, sai Malam Tukur, sakataren ƙungiyar, dattijo mai farin gemu wanda ba ya son a taɓa masa biro.

Manhajar da ke cikin kwamfutar Injiniya Inuwa ne ya gina ta. Daga Kano yake zuwa, sau ɗaya a mako. Sashe-sashe ya yi ta, kamar gida mai ɗakuna: sashen rajistar gonaki, sashen rabon iri, sashen buga takarda. A cikin ɗaya daga ɗakunan ya dasa 'yar ƙaramar saba. Ita ce ke miƙa shafuka ga duk wayar da ta haɗu da kwamfutar ofis, ba sai da data ba. Wakilin kowace unguwa ya tsaya a baranda da wayarsa, ya shigar da sunayen mutanensa, shi ke nan.

Sai dai shafin rajistar gandu kawai ya sani. Maigida ɗaya, gona ɗaya. Wannan ne ya kawo Inna Baiwa ofis a makona na uku. Shugabar matan ƙauyen Gafasa ce, doguwa, mai ƙatuwar murya, hannunta kullum ƙamshin ƙuli-ƙuli.

"Malam Tukur, ita wannan na'urar taku ba ta san gayauna ba ne?" ta ce. "Gonata tawa ce, ubana ya bar mini. Sai an rubuta ta da sunan ƙanin mijina sannan a ba ni iri? Mutumin da ko kunya ɗaya bai taɓa yi mini ba?"

"Ni ba ni na haife ta ba, Baiwa. Ga masu ita nan." Ya nuna ni da haɓa.

Ta juyo. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

"'Yar nan, kin iya?"

Na gyaɗa kai. Har yau ban san me ya sa na gyaɗa ba.

Injiniya da ya ji, dariya ya yi, ya ce in gwada, dama ana son in rubuta wani abu a littafin makaranta. Ya ba ni filashi mai ɗauke da manhajar duka. Wata biyu na yi ina gina sashen gayauna a tsohuwar kwamfutata a gida. Na sa manyan haruffa. Na cire gurbin maigida. Inna Baiwa kuma ta bi gida-gida ta tattaro sunayen mata arba'in da uku a littafin 'yan firamare.

A gida komai lafiya. In danna, shafi ya fito. Ranar da muka ɗora shi a kwamfutar ofis, Injiniya ya buɗe wayarsa. Ga gandu, ga iri, ga buga takarda. Babu gayauna. Ba saƙon kuskure, ba komai. Kamar ban taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba.

"A wajena yana aiki," na ce, a hankali.

"To ki ɗauki wajen naki ki raba wa matan Gafasa." Ya kalli Malam Tukur, suka yi dariya. Ba da mugunta ba, na sani. "Ke 'yar makaranta, saurara. Ranar kasuwa mai zuwa ake rufe rajistar iri. Zan zo da hantsi. In bai fito ba zan cire shi, don ba zan bar abin da ban gane kansa ba a cikin aikina ranar da mutane suka fi yawa. Matan su jira baɗi."

Kwana shida ke nan.

Babu wanda zan tambaya. A Gaya ban san mutum ɗaya da zan ce wa "saba ba ta ganin sashena" ya fahimce ni ba. Na gwada yi wa Umma bayani tana tankaɗe, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce in sha ruwa, fuskata ta faɗa. Na rubuta tambaya a wani dandali na masu harkar manhaja, na goge, na sake rubutawa, na tura. Mutum goma sha ɗaya suka duba. Babu wanda ya amsa. A zauren ajinmu na waya kuwa hotunan ofisoshi masu na'urar sanyi ake turowa, sai na ji kunyar sako maganata a tsakani.

Sai na koma abin da na iya. Na sauke dogon littafin bayanin sabar a wayata, na riƙa karantawa a bas, tsakanin buhun gero da gwiwar wata tsohuwa. A rana ta uku, daidai inda hanya ke da ramuka, na kai babin da ya buɗe mini ido.

Ga yadda abin yake, gwargwadon yadda zan iya faɗa. Manhaja guntaye ce, kowane guntu ana ce masa kilas. Akwai abin da ke ɗauko su idan an buƙata, sunanta loda. A gida ni na zuba komai wuri ɗaya, loda ɗaya ke hidimar kowa, tana ganin duk abin da ke gidan. A ofis kuwa kowane sashe da tasa lodar, kuma ba ta ɗauko komai sai abin da ke ɗakinta, ko abin da aka rubuta mata izinin arowa daga maƙwabta. Idan saba ta tashi, takan aiki lodarta ta dubo mata wani ɗan fayil mai layi ɗaya, inda masu shafi ke rubuta sunansu. Na rubuta nawa daidai. Amma a ɗakina yake. Lodar saba ta duba ɗakinta, ta dawo ta ce babu kowa, saba ta yarda ta ci gaba da harkarta. Su sauran shafukan Injiniya da hannu ya gabatar mata da su tun farko, shi ya sa bai taɓa cin karo da wannan ba.

Na ɗaga kai daga waya, ina son in faɗa wa wani. Tsohuwar da ke gefena barci take.

Gyara sashen saba ba hurumina ba ne, na Injiniya ne, kuma ba ni da bakin da zan kira shi in ce ga abin da ke cikin aikinsa. Amma ƙofar da ya bi ya gabatar da nasa shafukan a buɗe take. Sai na sa sashena, da zarar ya tashi, ya je da kansa ya ce wa saba ga ni.

Gwaji dole sai a kwamfutar ofis. Na jira har Malam Tukur ya miƙe zai tafi sallar azahar.

"Malam, don Allah... zan ɗan taɓa ta."

Ya tsaya da buta a hannu. "In kika lalata, ni ban gan ki ba, ke ma ba ki gan ni ba. Kuma biro na nan, na ƙirga su."

Na ɗora, na tashe ta. Wannan karon saba ta yi magana. Layi ɗaya ja. Turancinsa gajere ne, ma'anarsa ita ce: ba za a karɓi Shafi a matsayin Shafi ba.

Shafi sunan kilas ɗin da Injiniya ya yi ne, shi ne ƙa'idar da duk mai son ba da shafi zai bi. Na bi ta sak. Na karanta layin ya fi sau ashirin. Suna ɗaya, harafi ɗaya bai bambanta ba. Na zauna a ɗakin ni kaɗai, fanka na juyawa, ana jin liman daga nesa. Hawaye suka zubo mini a kan tebur, na goge da gefen hijabi kafin su taɓa takardun Malam.

Ana gobe kasuwa Inna Baiwa ta leƙo. Ta ajiye mini ƙullin ƙuli-ƙuli.

"Gobe da mu za a zo, 'yar nan. Na ce musu kowacce ta zo da ƙafarta ta ga sunanta ya shiga. Mun yi shatar bas."

"Inna, ai bai..."

"Bai me?"

"Ba komai. Allah ya kai mu."

Ta tafi. Ban iya cin ƙulin ba.

Da yammar nan na zauna a gindin darbejiyar gidanmu na buɗe jakar sashena a kwamfutata, ina duba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, don ban san me kuma zan yi ba. A nan na gan shi. Kilas ɗin Shafi, a cikin ɗakina. Na tuna. Makon farko da na fara gina sashen, data ta ƙare mini, kwamfutata tana ta ƙorafin ta rasa wani abu, sai na kwafo babban fayil ɗin Injiniya gaba ɗaya daga filashi na zuba a cikin nawa don ta yi shiru. Ta yi shiru, na manta.

Ashe guda biyu ne. Lodar saba ta ɗauko Shafi daga ɗakinta, lodata ta ɗauko nata daga nawa. A wajen na'ura, kilas ba sunansa kaɗai ba ne, har da wadda ta ɗauko shi. Loda biyu, abu biyu, ko da kamarsu ɗaya. Kwana biyar ina jin haushin Injiniya a raina, ga rabin laifin nan a jakata.

Na goge kwafin. Na rubuta layi ɗaya na izini, cewa sashena ya aro Shafi daga wajen saba. Ba ni da hanyar gwadawa a gida, don a gida ko da kuskuren ma aiki yake yi.

Bas ɗin farko na bi. Na iske Malam Tukur yana kokawa da kwaɗon ƙofa. Da ya buɗe, ya matsa gefe ya ba ni hanya. 'Yan kasuwa sun fara sauke kaya a bakin titi, ana jin kukan awaki. Na ɗora sashen, sai da na kuskure kalmar sirri sau biyu. Na tashe ta. Na ɗauki wayata na haɗa.

Gandu. Iri. Buga takarda. Gayauna.

Na danna. Manyan haruffana suka fito. Na ajiye wayar a cinya na rufe ta da tafin hannu, na yi ta kallon bango.

Da hantsi Injiniya ya iso, yana share gumi, filashinsa a hannu. Kusan tare suka iso da bas ɗin Gafasa. Mata suka cika baranda, wasu da goyo, wasu da kwanon awo za su wuce kasuwa.

"To, bari mu cire wannan abu kafin..." Ya kalli wayarsa. Ya kashe, ya sake kunnawa. "Malam Tukur, ka sake tashin na'urar ne?"

"Kullum da safe ai ana tashinta."

"Ka gani ko. Wani lokaci haka suke, sai sun ga dama." Ya mayar da filashin aljihu.

Inna Baiwa ta riga ta karɓe wayar jikarta, ta miƙa wa wata mai karatun boko a cikinsu. "Fara da ni. Baiwa Ɗantani. Gayauna ɗaya, bayan rafi. Ya tambayi maigida?"

"Bai tambaya ba, Inna."

"Yau na ga na'ura mai tarbiyya!"

Baranda ta kaure da shewa. Injin buga takarda ya fara tari, ya turo takardar farko. Malam Tukur ya ɗaga ta sama yana karanta sunan da ƙarfi kamar mai shela, matan suna turereniya kowacce na son ganin tata.

Ni ina bayan ƙofa. Na yage takarda daga littafina na rubuta wa Injiniya abin da ya faru, laifin duka biyun, na saba da nawa, don kada wani ya sake faɗawa ciki. Na sa a ƙarƙashin madannin kwamfuta. Ban sa suna ba, ko da yake wa kuma zai rubuta in ba ni ba.

Na san abin da zai biyo baya. In layi ya ragu Inna Baiwa za ta tuna da ni, ta jawo ni tsakiyar mata arba'in da uku ta ce in yi magana. Ni kuma abin da ke bakina kawai shi ne saura kaɗan in sa su yi shatar bas a banza.

Ana kan suna na goma sha bakwai na ɗauki jakata. Akwai 'yar ƙofa ta baya da ke fita wajen randa. Na bi ta nan, na ratsa ta tsakanin masu sayar da tabarmi, na isa tasha. Bas ɗin Gaya saura mutum biyu ya cika. Na shige kujerar ƙarshe ta jikin taga, na ɗora jaka a cinya.