Fiyus Ukun Usta Muntari

Karo na uku ke nan Labaran yake sallama a ƙofar gidan Usta Muntari, kuma Nagoggo, da ke zaune bakin gado tana yi wa Ustan mara lafiya fifita, ta san ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Fiyus uku ya zo karɓa, waɗanda ke naɗe cikin buhu a ƙarƙashin gadon.

"Ya Usta, babban layi ya dawo tun Litinin," in ji Labaran, shugaban kwamitin unguwa, gumi na tsiyaya daga hularsa. "Kahraba, wutar lantarkin nan, na wucewa ta saman kanmu muna kallo. Ka ba mu mu maƙala, khalas."

Muntari ya buɗe ido da kyar. Shekara talatin ya yi yana hawan turakun wuta tsakanin Khartum da Omdurman, yanzu ga shi ko juyi ba ya iyawa sai an kama masa. Zuciyarsa ce ta gaji, taurin kan kuwa yana nan daram.

"An sa wayar ƙasa?"

"Sai Asabar za a kawo ta daga Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu."

"To sai Asabar."

Duk layin sun san zancen. Da mutanen unguwar Mayo suka fara komowa gida bayan yaƙi ya lafa a wajensu, sun tarar da taransifomar unguwa tana nan a kan turakunta biyu na ƙarfe, dab da famfon da kowa ke ɗiban ruwa. Sai dai ɓarayi sun yanke wayar tagulla da ke saukowa daga jikinta zuwa cikin ƙasa, sun kuma huda ta sun zuƙe mai. Ranar da Muntari ya ga haka bai shawarci kowa ba, ya ɗauko doguwar sandarsa ta aiki ya zaro fiyus ɗin nan uku ya yi gida da su. Daga baya aka toshe hudar aka zuba sabon mai, ya sa aka haƙa rami a gindin turke, aka tara gawayi da gishirin da za a binne ƙarfe a ciki. Waya kaɗai ake jira, sai ciwo ya kwantar da shi.

"Zauna, ya Labaran, in sake faɗa maka," in ji Muntari. "Muhawwil ɗin nan, wato taransifomar, ya sha damina a huje, ban yarda da cikinsa ba. In wuta ta ɓalle a ciki, wayar ƙasa ce hanyarta. Ta kwarara da ƙarfi, fiyus ya tsinke, kowa ya tsira. Amfiya goma sha biyar aka rubuta masa don ya mutu kafin mutum ya mutu. In babu wayar, wuta ba ta sauri. Ta jikin turke za ta sauko a hankali, ta kwanta cikin lakar famfo tana jiran ƙafa."

"Allah ne mai tsarewa, ya Usta."

"Shi ya ba mu fiyus." Ya numfasa. "Jaki ne zai fara faɗuwa, don ƙafafunsa sun fi nisa da juna. Daga shi sai mace mai tsallaken laka."

Labaran ya fita yana kaɗa kai. Nagoggo ta bi bayansa da harara, amma can ƙasan ranta tana tare da shi. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ta raba gidajensu da Muntari. Ita ta wanke gawar matarsa, 'ya'yansa kuma har yanzu suna Gadarif inda gudu ya kai su, don haka jinyar ta faɗo kanta. Ɗakin kamar tanda, ga fanka can a sama ta sha ƙura. Tsoro take ji ƙwarai, don tana ganin yadda zafi ke cin numfashinsa.

"Usta, ka bar su su sa, ko na kwana biyu," ta ce. "Marwaha, fankar can, ta juya a kanka. Zafin nan zai kashe ka."

"Ni ɗaya ne, ya Hajja. Famfo kuwa mata nawa?"

"Kai dai tun kana saurayi ba a gaya maka."

"Shi ya sa na kai tsufa a aikin nan." Ya yi ɗan murmushi. "Buhun nan amana ne a hannunki. Ko bayan raina, sai an binne waya."

Ranar Alhamis da la'asar, tana yi masa fifita tana goga masa jiƙaƙƙen tsumma a goshi, ya tambaye ta ko yau Asabar ce. Ta ce saura. Ya gyaɗa kai, ya yi shahada, numfashin ya fita bai komo ba. Nagoggo ta ci gaba da fifita na ɗan lokaci kafin ta yarda. Sannan ta rufe masa ido, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Washegari da hantsi aka kafa rumfar makoki a titi, aka jera kujeru, aka aro fankoki huɗu masu tsayuwa. Labaran ya sami Nagoggo a tsakar gida inda mata ke girki.

"Goggo, mutane za su zo daga Omdurman da Aljirif, abokan aikinsa duka. A ce bikar mai wuta, zaman makokinsa, babu wuta? Kunyarmu ce. Yau kawai, don girmansa."

"Girmansa shi ne ku jira gobe."

"Ya Goggo, dattawa za su sume a rumfar nan."

"Ban bayarwa, Labaran. Ka je."

Ya tafi bai yi musu ba, kuma wannan saurin haƙurin ne ya tsaya mata a rai. Labaran ba mugu ba ne. Mutum ne da in aka ce baƙi za su zo, hankalinsa kan bar jikinsa. Abin da ba ta sani ba, tun da asuba ya aika aka ciro masa gidajen fiyus uku daga wata taransifoma da ta ƙone a layin baya, wani mai walda ya zura musu wayar tagulla mai kaurin yatsa, irin wadda ba ta tsinkewa ko me ya bi ta kanta.

Tana yankan albasa ta ji maza a rumfa sun ɗauki "Masha Allah." Ta ɗaga kai. Ta tagar ɗakin mamacin, fankar nan mai ƙura tana juyawa a kan gadon da babu kowa. Daga ƙarshen layi kuma wani gurnani ke tasowa, ba irin wanda ta saba ji shekara da shekaru ba. Wannan yana da kaushi, yana tsartuwa kamar an zuba ruwa a mai mai zafi.

Ta waiga ta ga babu Rabi da Ni'mat, matan da ke taya girki, babu kuma jarkoki. Ta fizgi doguwar sandar Muntari a jikin bango ta fita ba takalmi. Rabon da ta yi gudu har ta manta, amma ta cim musu saura 'yan taku su shiga lakar da famfo ke tarawa kullum. Ta gicciya sandar a gabansu.

"Ba mai wucewa."

"Goggo, ruwan shayin baƙi ne fa," in ji Rabi, goyonta na barci a baya.

"Na ce ba mai wucewa."

Ni'mat ta raɗa wa Rabi cewa baƙin ciki ne ya taɓa tsohuwa. Maza suka fara leƙowa daga rumfa. Ana cikin haka sai ga Hamid mai sayar da ruwa ya ɓullo ta ɗaya gefen a kan amalankensa, da ganga a baya. Nagoggo ta ɗaga murya ta ce ya ja linzami, amma jakin ya san hanyarsa, shekara biyar yana tsayawa wuri ɗaya. Ya sa ƙafafun gaba a laka, ya sa na baya. Jikinsa ya sandare, ya durƙusa, ya kife a gefe ko kuka bai yi ba.

Hamid ya yunƙura zai diro.

"Zauna inda kake, ya ɗana," in ji Nagoggo. "Tayar roba ce ta raba ka da wutar. Kada ƙafarka ta taɓa ƙasa."

Titin ya yi tsit, sai gurnanin nan kawai. Rabi ta dubi jakin, ta dubi silifas ɗinta, ta kai hannu baya ta dafa goyonta. Labaran ya ƙaraso, bai iya haɗa ido da Nagoggo ba. Ta miƙa masa sandar. Ya zagaya ta busasshiyar ƙasa ya zaro fiyus ɗin da ya sa a taransifomar ɗaya bayan ɗaya, a na uku gurnanin ya ɗauke. Sai a lokacin Hamid ya sauko, ya tsuguna gaban jakinsa yana shafa masa kunne.

Nagoggo ta koma gidan makokin a hankali, tafin ƙafarta na zugi saboda zafin ƙasa. Ta shiga ɗakin Muntari ta duƙa ta taɓa buhun, yana nan yadda ya bar shi. A sama fankar na ƙarasa juyinta, ta yi ɗaya, ta yi rabi, ta tsaya. Nagoggo ta zauna a mazauninta na bakin gado, ta ɗauki maficin da ta ajiye jiya ta ɗora a cinya.