Tafintan Eric Guguwa

Badaru ɗan Tunga ya shekara bakwai yana damben gargajiya kafin ya sa safar damben zamani, kuma duk tsawon lokacin bai taɓa zagin abokin karawa ba. Kirari dai yana yi: ya kira kansa bangon dutse, ya ambaci maigidansa da unguwarsu, ya yi shiru.

Wannan hali ne ya dami Alhaji Maiwada, mai shirya wasan. Ya ɗauko wa Badaru abokin karawa, Eric, daga Legas, ya kama zauren wani otal, ya gayyato 'yan jarida biyar da masu ɗaukar bidiyo a waya, amma ɗan wasansa ya ƙi ɗaga murya.

"Badaru, ladabi ba ya cika fili," in ji Alhaji. "Ka ce za ka fasa masa baki mana."

"Alhaji, baƙo ne. Bai yi mini komai ba."

Baƙon kuwa a unguwar Ketaren Gwari, nan cikin Minna, aka yanke masa cibiya. Ya yi shekara shida a Legas da mako uku a Landan, kuma a cikin mako ukun nan ne Allah ya ɗauke masa Hausa gaba ɗaya. Ya dawo da sarƙa a wuya, da baƙin tabarau da ba ya cirewa ko a cikin ɗaki, da sunan Guguwa. Ya ce sai an nemo masa tafinta. Aka nemo Malam Jonah, tsohon malamin firamare, wanda bai taɓa furta mummunar kalma ba ko ga akuyar maƙwabta.

Bayan an gwada nauyinsu, Eric ya karɓi makirufo ya yi ta zuba Turanci yana nuna Badaru da yatsa. Ya ce zai karya shi kamar tsinken tsire.

Malam Jonah ya gyara murya. "Ya ce yana gaida jama'ar Minna, kuma yana fatan a yi wasa a tashi lafiya."

Badaru ya dafa ƙirji. "Madalla. Ka ce masa ya hanya?"

Eric ya ƙara wuta. Ya ce Badaru ɗan ƙauye ne, ya koma ya ci gaba da naɗe hannu da igiya.

"Ya ce ya ji labarin bajintarka a damben gargajiya, abin ya burge shi."

"Ba haka na ce ba!" Eric ya daka tsawa da Hausa tsantsa, har da karin harshen Ketaren Gwari. "Malam, kana ɓata mini aiki!"

Zauren ya fashe da dariya. Wani ɗan jarida ya yi hamdala da aka samu waraka ba tare da an je asibiti ba. Kunya ta kama Eric, sai ya nemi abin da zai rufe ta da shi, ya juya ga Badaru.

"Ranar Asabar sai uwarka ta zo da zani ta goya ka gida."

Dariyar ta ɗauke. Ko Alhaji Maiwada, da ya yi mako guda yana roƙon a yi rashin kunya, ya sunkuyar da kai yana duba agogo. Daga kujerun baya wata dattijuwa ta miƙe. Barira ce, mahaifiyar Badaru, wadda ta bar kaskon wainarta ta zo kallon ɗanta a gaban 'yan jarida.

"Cire gilashin nan in gan ka," ta ce. "Ashe kai ne. Eric na Phoebe. To zanin yana nan, ɗana. Da shi na goya ka shekarar da uwarka ta kwanta ciwo."

Eric ya cire tabarau. Hausa ta sake ɓace masa, wannan karon har da Turancin.

Bidiyon ya zagaye Minna kafin la'asar. Ranar Asabar fili ya cika maƙil, masu keke mai ƙafa uku suna ta sauke mutane har daga Wushishi, Alhaji yana gaya wa kowa cewa dama haka ya tsara.

Badaru ya hau dandali da zuciya a wuya. Ya manta duk abin da ya koya a shekara uku na damben zamani, ya riƙa wurga hannun dama kamar yana tsakiyar filin gargajiya, yana neman kisa a turmin farko. Eric yana gocewa yana ɗora masa hagu a ido. A turmi na shida idon ya rufe ruf, alƙalin wasa ya shiga tsakani. Eric ya rungume Badaru yana ce masa jarumi ne, ɗan'uwansa ne na har abada. Badaru ya ture shi.

Washegari bayan an tashi daga coci, Phoebe ta taso ƙeyar zakaran har gidan Barira, da kambunsa a leda. Ta sa shi ya durƙusa a tsakar gida kusa da murhu.

"Mama, ki yi haƙuri," ya ce. "Sana'a ce. A can in ba ka zagi mutum ba, ka raina shi ke nan. Wanda kake jin tsoro shi kake zagi."

"Allah sarki," in ji Barira. "Ashe girmama ni ka yi. Phoebe, kin ji ilimin da aka samo a Landan."

Badaru yana zaune a kan benci da tsumman ruwan zafi a ido. Ya daɗe yana duban Eric da ido ɗayan da ya rage.

"Da gaske ka ji tsorona?"

"Hannun daman nan naka? Da ko sau ɗaya ya same ni, da yanzu ina asibiti."

Badaru ya matsa ya ba shi wuri a bencin. "Za mu sake karawa bayan Sallah. Ka zage ni iya son ranka, ni kaɗai. Kuma ka koya mini gocewar nan."

Barira ta ajiye musu kwanon waina da miyar taushe. Eric ya ci goma sha ɗaya. Badaru ya ci biyu da ƙyar, don muƙamuƙinsa ba ya buɗuwa sosai.