Katifa, Katifa, Katifa

Ƙanwar mai shagon katifa ta kunna kwamfuta a shagon, ta buɗe shafin intanet ɗin da ta gina wa yayanta, sai zuciyarta ta hau tafasa. Duk bayanin da ta sha wahalar rubutawa an share shi. Daga sama har ƙasa abu ɗaya ke maimaituwa: katifa, katifa mai arha, katifa.

"Yaya, wa ya aike ka?"

"Katifa mutane ke nema, katifa na ba su. Aikinki ne bai yi ba, tunda yanzu ko da fitila aka neme mu ba a ganinmu."

"Injin bincike ba kurma ba ne!" ta daka masa tsawa. "Kalmomin da ke tafiya tare yake dubawa. In ya ga soso, kauri, gado, ciwon baya, sai ya gane da gaske katifa kake sayarwa. Wannan ihu ne kawai, shi ya sa ya wurga ka can baya."

Ya ja tsaki. Kafin ya mayar mata, wata dattijuwa ta shigo dafe da ƙugu. Nan take Yaya ya saki fuska, ya shiga yi mata bayanin soso mai tauri, da kaurin da ke tallafe baya, har yana tambayar faɗin gadonta. Bai ambaci katifa ko sau ɗaya ba, ta saya.

Ƙanwar ta juyo masa da kwamfutar.

"Me ya hana ka tsaya a kanta kana ihun katifa, katifa? Abin da ka gaya mata yanzu, shi ka share min."