Tayoyin Dakta

Mutumin da ake kira Dakta ba likita ba ne. Kemis gare shi a bakin titi, wata tsohuwa ce ta fara kiransa da haka, sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Mutum ne mai sanyin hali, kalmar a'a tana yi masa nauyi a baki.

Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune a tsohon gidansu can bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Ciwon gwiwa ya sa ta a gaba, sai an riƙa kai ta asibiti, ita kuwa ba ta son zuwa, kullum sai da lallashi. Da damina hanyar takan koma caɓi, ƙaramar motar Dakta ta sha maƙalewa har sai an tara mutane sun tura. Wannan ya sa ya sayi wata tsohuwar jif ta hannu, ya kuma sayo mata manyan tayoyi masu ƙwaƙƙwaran haƙora.

Tayoyin sun shiga, amma da ya murɗa sitiyari har ƙarshe sai ka ji suna gurzar ƙarfen ciki. Dole a ɗan turo su waje. A nan ne ya faɗa hannun mutum biyu.

Na farko ƙanin matarsa ne, wanda ake ce wa Ɗan Gayu, mai shagon sayar da rim, wato ƙarfen da ake sa wa robar taya. Ya ɗauko wani rim mai sheƙi ya kifa a kan kanta, ya nuna masa fuskar da ake ɗaure noti. Ya ce inda wannan fuska take zaune shi ake kira ofset, in ta matsa ciki sai taya ta fito waje. Magani kawai a canza rim, a sa wanda fuskarsa ta fi matsawa ciki. Na biyu kuwa bakaniken Dakta ne, Sifana, abokinsa tun suna yara. Shi ya ce ba ruwan kowa da sabon rim, faifan ƙarfe ake sa wa a bayan tsohon, sunansa sifesa, a ɗaure a wuce wurin.

Ɗan Gayu ya ce sifesa cin boris take yi, wato ƙarfen da ƙafar mota ke juyawa a kansa. Sifana ya ce rim ɗin Ɗan Gayu na ɗaukar hoto ne, dutsen farko zai tsaga shi.

Dakta ba wawa ba ne. Ya ari tef ɗin ɗinkin matarsa, ya kwanta ƙarƙashin jif ya auna, ya gane cewa abin da ake nema bai wuce inci ɗaya da rabi ba, kuma ko wanne daga cikin biyun zai wadatar. Sai dai da ya ambaci sifesa a gida, matarsa, Malama, ta ci gaba da duba littattafan ɗalibanta, ta ce ai shi ke nan, dama ɗan'uwanta bai san komai ba. Washegari Dakta ya je ya ɗauko rim huɗu.

Ya kai su gareji a ɗaura. Sifana ya dube su ya taɓe baki. Ya ɗaga motar, ya cire ƙafa, ya shiga ciki ya fito da sifesa huɗu sababbi a leda, ya ce tun ranar da suka yi magana ya aika aka kawo, don ya san abokinsa ba zai watsa masa ƙasa a ido ba. Dakta yana tsaye aka ɗaura sifesa, aka ɗora sabon rim a kai.

Da aka sauke motar, ta tsaya kamar kwaɗon da ke shirin tsalle, tayoyi sun fito waje da bodi sosai. Gurza dai ta daina. Sifana ya ce aikin sifesa ke nan. Ɗan Gayu, da ya gani daga baya, ya ce aikin rim ne. Dakta ya yi wa kowa godiya. Da ya isa gida kuma, motar ta ƙi shiga get, sai ta koma kwana a gaban kemis.

Ranar da za a kai Inna asibiti an tashi da ruwa. Malama ta raka shi. Da suka sauka daga kwalta, Dakta ya sa giyar ƙarfi, jif ta kutsa cikin caɓin da ya saba ba shi kunya, ta wuce ba ko tari. Sai dai tayoyin da suka fito waje ba abin da ke tare su, suka riƙa watsa laka sama, ta rufe gilasan gefe, ta kuma yi wa wani mai keke wanka tun daga kai har ƙafa. Dakta ya tsaya ya fita ba da haƙuri, shi ma ya nutse har idon sawu.

Lungun gidan Inna yana tsakanin katanga da turken wutar lantarki. Ƙaramar motar takan shiga har bakin ƙofa. Jif ta sa hanci, turke ya tare taya, ta ja da baya. Haka aka je aka riƙo Inna, tana dogara sanda, ta tako lungun nan duka da gwiwoyin da aka sayi motar dominsu. Ta tsaya ta ƙare wa jif kallo daga ƙasa har sama.

"Auta, wannan mota ce ko rumbu?"

"Mota ce, Inna. Saboda hanya."

"To ina tsanin?"

Aka aro benci a wurin wani mai shago a bakin lungun. Malama ta riƙe ta ta gaba, Dakta ya tallafa ta baya, Inna tana faɗa tana cewa ita ba buhu ba ce. Da ƙyar aka zaunar da ita a kujerar gaba, aka sauke gilas saboda laka ta rufe shi.

Suka kama hanya, Inna ta kau da kai wajen taga. Dakta yana ta satar kallonta, ya ɗauka fushi ne, har ya fara shirya kalmomin ban haƙuri. Can sai ta dafa hannunsa.

"Rage gudu."

Ya rage. Inna ta miƙa wuya. Daga inda take zaune, katangun unguwar duk sun koma gajeru. Ta ga tsakar gidan maƙwabciyarta mai awaki, wadda ta yi ta kukan an sace mata guda uku, ga su nan a ɗaure suna tuƙa. Ta ga gidan tela an yi sabon ɗaki ba a gaya wa kowa ba. Ta ga wadda ke cewa ba ta iya tashi saboda ciwon baya tana faskare. Inna ta riƙa ba Malama bayani gida-gida, Malama ma ta matso taga. Sun isa asibiti a makare, likita har ya fara haɗa jakarsa.

Tun daga ranar ba a sake lallashin Inna ba. Ita take kiran Dakta ta tuna masa zuwa asibiti, wani lokaci ma tun kafin ranar ta zo. Ita take zaɓar hanyar da za a bi, kuma ba ta taɓa zaɓar gajeriyar ba. Mai shago ya gaji da aron benci, ya bar musu shi.

Kafin damina ta fita, ƙafar gaba ta fara kuka. Boris ne. Aka canza, bai daɗe ba ɗayan ya ɗauka. Dakta ya yanke shawara a ransa zai cire sifesa, ya koma tayoyi matsakaita, motar ta shiga lungu ta shiga get kamar ta kowa. Ya gaya wa Inna a hanya, yana zaton za ta yi murna.

Ta dube shi kamar ya ce zai sayar da gidan. Ta ce kada ya kuskura. Ta ma so ta tambaye shi ko akwai waɗanda suka fi waɗannan girma, domin katangar tsohon hedimasta ta gagare ta, saura kamar taƙi ɗaya ta gani. Mutum ba ya yin katanga irin wannan sai da dalili.

Malama ce ta cece shi. A tafiya ta gaba ta zo da filo biyu ta jera a kujera. Inna ta hau, kanta na gogar rufi. Da suka zo gidan hedimasta ta ce a tsaya. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Ba komai a tsakar gidan sai bishiyar lemo, da shanya a igiya, da tsohon a zaune yana yanke farce.

Inna ta koma ta jingina, ta gyara mayafi.

"Mu je," in ji ta, "kada likita ya tashi."