Labarin da Aka Fara a Shagon Faci

Dutse na biyu ne ya tarwatsa gilashin gaba. Direban ya taka burki, bas ɗin ta yi ƙara ta tsaya a bakin tasha, fasinjoji suka dinga dirowa ta taga. Tun safe ɓangarori biyu na ma'aikatan tashar ke rigima a kan wanda zai riƙe ƙofa, yanzu abin ya fito titi da adduna da gorori da sarƙar babur. A kan idon direban aka sari wani a kafaɗa, mutumin ya durƙusa yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba.

Mutum ɗaya ce ta rage a motar, dattijuwar malamar makarantar da yake ɗauka kowace safiya. Tana zaune da jakarta a ƙirji, jini na bin ƙafarta har cikin takalmi. Gilashi ya yanke ta a cinya.

"Mama, tashi!"

"Ƙafar ta ƙi, ɗana."

Ya sungume ta ya ruga shagon wani mai faci da ya gudu ya bar shi a buɗe, ya jawo ƙofar ƙarfe ya sa sakata. Ya tuɓe rigarsa ya cusa a raunin, ya kira ƙanwarsa da ke aikin jinya a waya.

"Danne wurin da ƙarfi, Yaya, kada ka ɗaga hannu," in ji ta. "Motar asibiti ba za ta iya shigowa ba sai ƙura ta lafa. Kuma kada ka bari ta yi barci. Yi ta yi mata magana."

Shi da ko a gida sai matarsa ta yi tambaya uku kafin ya amsa ɗaya. Sai ya kama bayanin yadda injin motar ke shan mai.

"Haba," in ji malamar, muryarta can ƙasa. "Jinina na zuba kana ba ni labarin inji? Ba ni na soyayya."

"Ni? Ban san ko ɗaya ba, Mama."

"To ƙirƙiro."

A waje wani yana ihu a taimake shi, ana ta jibgarsa. Direban ya rufe ido. Ya ce akwai wani tela da ke hawa bas kullum, yana wuce shagonsa da nisa don kawai ya ga inda wata yarinya ke sauka, sannan ya dawo a ƙasa.

"Ya yi mata magana?"

"A'a."

"Sakarai. Ci gaba."

Ya ci gaba. Abin mamaki, sai ga yarinyar a gabansa sarai: haƙorinta ɗaya ya ɗan ɓalle, tana rufe baki da hannu in za ta yi dariya, ba ta zama sai kusa da taga. Bai taɓa ganinta ba a duniya, amma ya san ta. Magana na zuwar masa tun kafin ya neme ta.

Aka daki ƙofar da ƙafa, sakatar ta tsinke. Ƙarti uku suka faɗo, gaban rigar ɗaya duk jini.

"Kai direban wane ɓangare ne?"

"Mota kawai nake ja."

Gora ta sauka a bayansa. Ta biyu ta same shi a haƙarƙari, ya ji wani abu ya yi ƙas a ciki. Aka shure shi a fuska, girarsa ta fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya kife a kan malamar, hannayensa biyu na nan a kan raunin, bai ɗaga ba. Na ukun ya ɗaga adda, sai ƙarar bindiga ta tashi daga bakin titi, suka tattake juna wajen fita.

Da ya ɗago, idanun malamar sun rufe.

"Mama! Mama!" Shiru. Ya tofar da jini, ya kai baki kunnenta. "Mama, yau yarinyar ta bar laimarta a mota!"

Fatar idonta ta motsa. "Da gangan?"

Shi kansa bai sani ba sai da ta tambaya, kuma da amsar ta zo sai ya ji wani daɗi ya ratsa shi, duk da azabar da yake ciki.

"Da gangan."

Bai yi shiru ba har masu motar asibiti suka ɓamɓare hannunsa daga cinyarta.

La'asar ta yi yana kan benci a barandar asibiti, an ɗinke masa gira, an naɗe ƙirjinsa. Ƙanwarsa ta fito ta ce an ɗaure jijiyar, an ƙara wa malamar jini, za ta tashi. Wani ɗan sanda ya miƙo masa takarda da biro, ya ce ya rubuta abin da ya gani, ya wuce wurin sauran masu rauni.

Layi huɗu ya yi a kan dutse da gora da adda. Sai ya juya bayan takardar.

Da ɗan sandan ya dawo, ya karɓa ya karanta, ya haɗe gira.

"Malam, wace ce wannan mai laima? Tana cikin maharan?"

"A'a, yallaɓai. Naku yana ɗaya gefen."

Ɗan sandan ya juya ya duba, ya naɗe takardar zai sa a aljihu. Direban ya riƙe masa hannu, har zafi ya sa shi cije leɓe.

"Don Allah ba ni wata in sake rubuta muku. Wannan tawa ce."

Ɗan sandan ya dube shi, ya dubi ƙanwar, ita ma ta buɗe hannu alamar ba ta gane ba. Ya zaro sabuwar takarda daga fayil ya miƙa.

"Ƙaro biyar, yallaɓai," in ji direban. "Telan bai ma sauka daga motar ba tukuna."