Ƙusa Biyu a Bangon Hatsue

Tun kafin tsohon ya farka Terumi ta ja akwatin ta kai bayan mota, tana sanɗa kamar ɓarauniya a gidan ubanta. Riguna, magunguna, tabarau na biyu, komai ta rubuta masa suna a jiki kamar kayan ɗan makaranta. Da la'asar gidan tsofaffin da ke bayan tudu ke jiransu. An gyara gado, an manna sunan Kuramoto Tsuneo a ƙofar ɗaki. Kowa ya sani, har maƙwabta. Mai sunan ne kaɗai ba a gaya wa ba.

Ba wai ba dalili ba ne, kada a ɗora mata abin da ba ta ci ba. A bazarar da ta wuce ya ɗora tukunya a wuta ya fita, sai da hayaƙi ya turnuƙe gidan. Kwanan baya kuma aka tsince shi a tashar jirgin ƙasa na cikin gari, sanye da tsohuwar hularsa ta direba, yana faɗa da ma'aikata wai an ba wani jirginsa. Ita kuwa Terumi ta haura hamsin, ga aiki, ga ciwon baya, rabonta da barci mai nauyi har ta manta. Ƙaninta Shinji, wanda yake Tokyo yana jinyar uba ta waya, shi ne ya yanke hukunci.

"Yaya, kada ki gaya masa," in ji shi. "Ko kin faɗa mantawa zai yi, ki sa shi kuka a banza. Ki ce fita za ku yi, shi ke nan."

Shawara ba ta da nauyi a bakin wanda ba shi zai riƙe sitiyari ba. Amma ta bi. Ta ce wa tsohon, "Baba, shirya, yau okonomiyaki za mu ci, wainar kabejin nan ta shagon Hatsue." Ba ƙarya ta yi ba. Rabin gaskiya ce.

Shagon yana nan inda yake, a lungu bayan gadar kogin, da jan labulensa da ya koɗe. Ana yayyafi. Suna ɗaga labulen zafin shimfiɗaɗɗen ƙarfen suya ya daki fuskarsu, da ƙanshin miya mai ƙonewa a gefe. Hatsue tana bayan ƙarfen, 'yar tsohuwa mai ɗaurin kai, bayanta ya ranƙwafa daidai tsayin aikinta.

"A'a! Wa nake gani? Direba, ashe kana raye? Na ce ko an binne ka ba a gaya mini ba."

"Sai na ga bayanki tukuna," in ji tsohon yana jan kujera. "Wa zan bar wa kabejin nan naki da kike yankawa kamar da haƙori?"

"Ji shi! Da haƙorin ma na fi ka, kai da naka suke kwana a kofi."

Ya yi dariya har da buga cinya. Terumi ta zauna kusa da shi. Yau dai lafiyarsa ƙalau. Ya gane hanya, ya gane Hatsue, har ya tambayi jikanta mai wasan ƙwallo da sunansa. A mota ta yi ta fatan yau ta zama ranar ruɗewa, ya kira ta da sunan mahaifiyarta, ya tambayi ina suke, don ta samu abin riƙewa in sun isa bayan tudu. Ka ji fa, 'ya tana yi wa ubanta fatan gushewar hankali don zuciyarta ta huta. Da ta kama kanta da wannan tunani, kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka yi zafi.

Hatsue ta juya bango ta miƙa hannu. A can ne herar tsofaffin masu zuwa suke rataye, ƙananan cokulan ƙarfe masu faɗin baki da ake yanka wainar a ci da su daga kan wuta. Kowace tana kan ƙusarta, an ƙona sunan mai ita a jikin katakon mariƙin. Baƙo a ba shi ta shago, ɗan gida kuwa a sauko masa da tasa. In ya gama Hatsue ta wanke ta mayar. Hera ba ta rabuwa da bangon nan sai mai ita ya mutu, ko ya bar gari ba dawowa, sannan iyalinsa su zo su karɓa. Kusa da ta tsohon akwai ƙusa ba komai a kanta. Terumi ce da hannunta ta zo ta karɓi ta mahaifiyarta, bayan an gama zaman makoki.

"Kamar kullum?" in ji Hatsue.

"Kamar kullum. Ita kuma ki ƙara mata taliya, kin ga yadda ta zama sanda."

Hatsue ta zuba ƙullu, ta murza shi da bayan ludayi ya zama faifai siriri. Ta tula kabeji har ya yi tsauni, ta jera siraran nama a kai, ta ɗiga ƙullu, sannan ta sa manyan ƙarafunanta biyu ta kifar da shi gaba ɗaya ba tare da ganye ko ɗaya ya tsere ba. Tururi ya tashi. Tsohon ya kafe wainar da ido, kamar yadda yake yi tun Terumi tana goye.

"Kada ki danne shi," ya ce.

"Yau na fara, ai dole ka koya mini."

"Ina tuna miki ne. Kabeji ba ya son gaggawa. A bar shi ya kwanta da kansa." Ya waiwayo wajen 'yarsa. "Ba irin na mutanen mijinki ba, 'yan Osaka, a zuba komai a kwano a dama kamar abincin kaji."

"Baba, ka bar bawan Allah ya huta," in ji Terumi, ta ƙaƙalo murmushi.

"Na bar shi. Mutumin kirki ne. Abinci ne dai bai sani ba."

Wayarta ta yi motsi a jaka. Ta leƙa, Shinji ne, yana tambaya ko sun kama hanya. Ta kife ta da sauri kamar tsohon zai iya karantawa ta bayanta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ruwan da Hatsue ta zuba mata ma sai da ta kusa kifar da shi.

Aka soya taliya a gefe, aka ɗora tsaunin da ya riga ya kwanta a kanta, aka fasa ƙwai aka mayar da komai bisa shi. Hatsue ta juya, ta shafe da miya mai duhu, ta barbaɗa koren gari, ta turo gabansu. Tsohon ya ɗauki herarsa. Hannun da ba ya iya ɓalla maɓallin riga da safe, yanzu ko rawa bai yi ba. Bai fara da tasa wainar ba. Ya jawo ta Terumi, ya yayyanka ta ƙanana daga gefe, ya tura mata zuwa bakin ƙarfen inda wuta ba ta da ƙarfi.

"Harshenki na kyanwa ne, ba kya jure zafi," ya ce. "Ci daga nan."

Haka yake mata tun tana zama a kan matashi biyu don ta kai tebur. Ta ɗauki loma ta kai baki. Daɗin yana nan, kabejin ya yi zaƙi, gefen taliyar ya yi ƙus-ƙus, amma hankalinta ba ya kan abincin. Tana jin akwatin nan a bayan mota kamar a kan wuyanta yake. Mutumin da yake tsoron kada harshenta ya ƙone, shi za ta kai ta ajiye wa baƙi, ta ce za ta je sayen abu ta dawo. Haka ma'aikatan gidan suka ce a yi, wai ya fi sauƙi. Ba su ce wa zai fi wa sauƙi ba.

"Baba," ta ce.

"Na'am."

Ya ɗago, miya a gefen bakinsa, idonsa tar a kanta. Ta buɗe baki. Maganar ta zo har haƙora ta koma.

"Miya ta taɓa maka haɓa."

Ya goge ya ci gaba da ci. Kai, tsoro bai yi ba. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin Shinji, har Hatsue ta ji haushi, da take ta zuba labarin wani mai kifi da ya auri yarinya, ba ta san wainar da ake toyawa a gabanta ba.

Tsohon ya ci a hankali, bai bar ko silin kabeji ba. Ya kankare ƙarfen da bakin herar ya lashe. Ya sha shayinsa. Ya zauna yana kallon bangon na ɗan lokaci, har Terumi ta zaci ya tafi duniyar tasa. Hatsue ta miƙo hannu ta saman ƙarfen don ta karɓi herar ta wanke.

Bai ba ta ba. Ya zaro hankici daga aljihu, ya goge ƙarfen ciki da baya, ya naɗe, ya cusa a aljihun ƙirjinsa.

"Kai tsoho, sata da rana tsaka?" in ji Hatsue tana dariya. "Kawo nan."

To ga ruɗewar ta zo, in ji Terumi a ranta. Kuma, abin kunya, sai da ta ji wani sanyi-sanyi ya ratsa ta. Ta dafa hannunsa, ta sassauta murya irin yadda ta saba a 'yan shekarun nan.

"Baba, ka manta ne. Ba a tafiya da ita. A nan ake barinta."

"Na sani," ya ce. "Ni na buga ƙusar da hannuna, ke kina rarrafe."

Dariyar Hatsue ta tsaya. Hannunta yana nan a miƙe cikin tururi, ta janye shi a hankali ta goge a gaban riga. Ta dubi ƙusar tsohon da ba komai a kanta, ta dubi Terumi.

"Kin manta takalmina na cikin gida," in ji tsohon, yana gyara zaman hankicin. "Na ga ba ki saka ba. Da kika shiga wanka na kai mota na tura a gefen akwatin. Da hoton uwarki."

Terumi ta ji ƙasa ta yi sama. Ashe tun safe ya sani. Ya sa riga yana sane, ya shiga mota yana sane, ya zauna yana tsokanar Hatsue, ya yayyanka mata abinci, duk yana jira ya ga ko 'yarsa za ta dube shi ta faɗa. Ita kuwa maganar miya a haɓa ta yi masa.

"Baba, ka yafe mini. Na so in gaya maka, na kasa. Shinji ne ya ce..."

"Bar Shinji. Shi ko kifin cikin kwalba aka ba shi sai ya mutu." Ya dafa ƙarfen kujera ya miƙe. "Na ga baƙin da tukunya ta yi wa rufin ɗaki. Kullum ina ganinsa, ba kullum nake tuna wa ya yi ba. Yau na tuna."

Hawaye suka zubo mata, ta rufe baki da hannu, ga mutane biyu a ƙarshen tebur sun sunkuyar da kai cikin abincinsu. Tsohon bai rarrashe ta ba, shi dama ba mai rarrashi ba ne. Ya juya wajen mai shago.

"Hatsue, ƙusar nan tawa kada ki ba kowa. Ki sa a ƙona sunan Terumi a sabuwar hera ki rataya. Yarinyar nan ta daɗe tana cin abinci a tsaye, bayan ya huce."

"An gama, Direba," in ji Hatsue. Ta ɗauki tsumma ta hau goge wurin da ba datti. "Ka gaya musu a can kada su danne maka kabeji."

"Su waye za su iya? Ke ma da ƙyar."

Ya ranƙwafa mata, ta ranƙwafa masa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

A waje yayyafin ya ƙaru. Terumi ta riƙe masa lema har mota, ta ɗaura masa bel, ta zagaya ta zauna. Ba ta tayar ba. Ta riƙe sitiyari tana jiran numfashinta ya daidaita. Jirgin cikin gari ya wuce a kan gada yana ƙararrawa, tsohon ya bi shi da ido har ya ɓace. Da ya juyo, fuskarsa ta sake, idanun nan da suke tar ɗazu sun koma yawo. Ya shafa ƙirjinsa, ya ji tudun abu a aljihu, ya yi mamaki.

"Wannan fa? Wa ya sa mini?" Ya dube ta. "Ina za mu ne?"

Ga hanyar da Shinji ya faɗa, a buɗe. Ko ta ce gida, ko ta ce yawo, duk zai yarda ya gyaɗa kai. Ta dubi mariƙin katakon da ya leƙo daga hankicin, da rabin sunansa a ƙone.

Ta sauke hannunta daga makulli, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Baba, saurara in gaya maka," ta ce. "In ka manta, ka sake tambaya, zan sake faɗa."